Makonni Shida na Farko a Akwatin Kifi

Kifin ado yakan mutu ne a cikin ruwa garau. An sayo sabon akwatin gilashi, an wanke tsakuwa tas, an cika shi da ruwa, an kunna fitila da famfon iska, an saki kifaye goma sha biyu masu launi a yammacin ranar da aka kawo shi. Kwana uku komai lafiya lau, yara sun ƙi barin falo. Sai a wayi gari ɗaya ya kife, ciki sama. Jibi biyu. Kafin mako na uku ya fita babu abin da ya rage sai tsakuwa da kumfa. Mai akwati ya ce mai shago ne ya sayar masa da marasa lafiya, a cikin gida kuma wata ta ce baki ne ya kama su, tunda duk wanda ya shigo sai ya yaba. Ruwan dai ba wanda ke tuhumarsa, don ido bai ga aibinsa ba.

Akwai kuwa mutanen da ke wuce wannan lokaci ba tare da sun tsamo gawar kifi ko ɗaya ba, da irin akwatin, da irin kifayen, wani lokaci ma da ruwan famfo ɗaya. Ina ganin girman waɗannan mutane. Abin da suka iya ba ya ɗaukar ido, don kusan dukkansa bokiti ne da tiyo da 'yar kwalbar gwaji, amma ƙwarewa ce ta gaske, kuma tana da tushe a ilimin da masana suka yi shekaru suna tonowa.

Kifi yana cin abinci mai furotin, jikinsa ya ɗauki abin da zai ɗauka, ragowar ya zama amoniya, sinadarin nan mai zarni da ke tarar hanci a ɗakin kajin da ba a share ba. Mafi yawanta ba ta kashi take fita ba, ta jan naman nan da ke ƙarƙashin kunnen kifi take fita, wanda da shi yake numfashi. Ko da mutum ya tsince kowane kashi da ya gani, amoniya na nan tana tsiyaya cikin ruwa dare da rana. A kogi ko tafki ruwa ne ke tafiya da ita. A akwati mai lita 60 ba ta da wurin zuwa. Tana taruwa, ta ƙona wurin numfashin, ta hana kifin fitar da wadda ke cikin jininsa, har ta taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Abin da ke ceton tsohon akwati wasu ƙwayoyin bakteriya ne da suka maƙale a sosonin filta, wato na'urar tace ruwan akwati, a jikin tsakuwa da gilashi. Rukuni na farko yana cin amoniya ya mayar da ita naitirayit, wanda shi ma dafi ne. Rukuni na biyu yana cin naitirayit ya mayar da shi naitiret, wanda kifi ke jurewa muddin bai yi yawa ba, kuma canjin ruwa na mako-mako ke rage shi. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi sai ƙalilan da suka shigo tare da ruwa da jikin kifi. Kuma ba sa sauri. Bakteriyar da ke lalata abinci tana iya rabuwa biyu cikin minti 20 idan ta samu yadda take so, ta kai miliyan daga ƙwaya ɗaya cikin awa bakwai. Waɗannan kuwa sukan ɗauki kusan yini guda kafin su rabu sau ɗaya. Ƙwaya ɗaya mai ninkawa sau ɗaya a rana sai ta yi kwana 20 kafin ta kai miliyan. Daga nan makonni huɗu zuwa shida suka fito, wani lokaci har takwas, kuma babu kuɗin da ke sayen haƙurinsu.

Wannan jinkiri tsohon sani ne. A 1877 wasu masana biyu a Faris, Schloesing da Müntz, suka cika dogon bututu da yashi da ɗan farar ƙasa, suka riƙa zuba ruwan kwata ta sama suna gwada abin da ke fita ta ƙasa. Kimanin kwana 20 amoniya na fita yadda ta shiga. Daga nan sai naitiret ya fara bayyana, amoniya ta ɓace. Da suka hura tururin kulorofom cikin bututun, aikin ya tsaya cik, suka gane cewa abu mai rai ne ke yin sa. A Ingila, Robert Warington na tashar binciken noma ta Rothamsted ya nuna cewa aikin hawa biyu ne, sannan a 1890 Sergei Winogradsky ya ware ƙwayoyin a Zurik. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne mahaifin wannan Warington, shi ma Robert, shi ne wanda a 1850 ya ba da rahoto a Landan kan yadda ya ajiye jajayen kifaye tare da ciyawar ruwa da katantanwa a tulun gilashi suka rayu ba tare da ana canza ruwa ba. Uba ya ga akwati ya daidaita, ɗa ya taimaka wajen gano wani ɓangare na dalilin. Ko a kwanan baya ba a gama da batun ba: littattafan kiwon kifi sun daɗe suna cewa Nitrobacter ce ke cin naitirayit, sai a 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa a akwatunan ruwan daɗi Nitrospira ce ke yin aikin.

Hanya mafi tausayi ita ce a raini ƙwayoyin tun kafin a sa kifi, a riƙa ɗiga amoniya a akwatin da babu kowa har filta ta nuna. Duk wanda ya tambaye ni, ita zan nuna masa. Amma rayuwa ba ta cika bin wannan tsari ba. An ba yaro kyautar kifi a leda, ko mai shago ya haɗa akwati da kifi a ciniki ɗaya bai ce uffan ba, ko tsohuwar filta ta mutu. Kifin yana cikin ruwa, dafi ya fara taruwa, kuma wannan dafin shi ne abincin ƙwayoyin da ake jira. A nan ake gane gwani.

Abu na farko da yake yi shi ne ya daina yarda da idonsa. Kowace safiya, kafin ya ba da abinci, yakan ɗebi ruwan akwati mililita 5 a 'yar kwalba. A kayan gwajin kamfanin API, waɗanda suka bazu a duniya, ɗigo takwas ake sawa daga kwalba ta farko, takwas daga ta biyu, a rufe, a girgiza, a jira minti biyar. Yakan kai kwalbar bakin taga, ya jingina ta da farin gefen katin launuka, don hasken ƙwan lantarki yana ruɗin ido. Ruwan ɗorawa tsantsa, babu amoniya. Idan ya fara sirkawa da kore, ta shigo. Gwajin naitirayit ɗigo biyar ne, daga shuɗi mai haske ya juya shunayya, kuma wanda ya saba yakan gane tun ɗigon bai gama sauka ƙasan kwalba ba cewa yau akwai aiki. Sai ya rubuta a takarda, don lambar rana ɗaya ba ta faɗin komai. Jerin lambobin mako guda ne ke nuna ko abu hawa yake yi ko sauka.

Kuma ba ya karanta lambar amoniya ita kaɗai. A cikin ruwa amoniya kashi biyu take: akwai wadda ke ratsa jikin kifi ta yi ɓarna, akwai wadda ta ɗauki caji, ba ta ratsawa sosai. Gwaji yana haɗa su ne ya ba da jimla. Abin da ke raba su shi ne ma'aunin pH, wato ko ruwan ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa, sai kuma zafi. A pH 7 da zafin digiri 25, mai ɓarnar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ta haura kashi 5, kusan ninki goma ke nan. Idan zafin ya kai digiri 30 a pH 8 ɗin, ta wuce kashi 7. Saboda haka mutum biyu za su ga kore iri ɗaya a kwalba, na ɗaya kifinsa na wasa, na ɗaya na haki. Wanda ke Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, ruwan rijiyarsa kuma mai kanwa-kanwa ne, ba shi da sararin da mai ɗaki mai sanyi yake da shi. Ga kuma iskar oksijin: ruwa mai digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa 7 da rabi, alhali a zafin ne kifi ya fi buƙatarta.

Makamin gwani na gaske canjin ruwa ne, kuma lissafinsa a fili yake. Idan gwaji ya nuna miligiram 1 a lita, cire rabin ruwa a zuba sabo ya mayar da shi rabin miligiram. Cire kwata kawai ya bar kashi uku cikin huɗu na dafin, wato an sha wahalar bokiti a banza. Yawancin masu kiwo ba sa bari amoniya ko naitirayit su wuce kwata zuwa rabin miligiram a lita, don haka a makonnin tsakiya ana iya canza ruwa kullum, wata rana safe da yamma. Sabon shiga yakan ji tsoro, wai zai zubar da ƙwayoyin da yake raino. Gwani ya san ba a cikin ruwa suke yawo ba, a jikin soso da tsakuwa suka liƙe, kuma kifi bai daina fitar musu da abinci ba ko na minti ɗaya.

A yadda yake canjin ma akwai kallo. Ya kashe filta, ya sa bakin tiyo a ruwa, ya zuƙi ɗaya bakin sau ɗaya ya toshe da babban yatsa kafin ruwan ya kai masa baki, ya saki a bokitin da ke ƙasa. Yana bin saman tsakuwa a hankali, yana tsince ragowar abinci, ba ya tona ta har ƙasa. Bokitin nan nasa na kifi ne kaɗai, bai taɓa ganin omo ba, kuma duk gidan an sani. Sabon ruwan tun jiya ya tara shi a ɗakin, don na tankin saman gida da rana tsaka yana iya ƙona hannu. Ya taɓa na bokiti da bayan hannu, ya taɓa na akwati, sai ya ji sun yi daidai. Idan na famfo ne, ya ɗiga maganin kashe kulorin tukuna, don kulorin da aka sa ya kashe ƙwayoyin cuta ba ya bambance na kirki da na banza. Kulorin zalla yakan fice idan ruwa ya kwana a buɗe ana hura masa iska, amma inda hukumar ruwa ke amfani da kuloramin, ajiya ba ta fitar da shi, sai magani. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, sai dai yakan fito da ƙarancin iska, wani kuma da tasa amoniyar ko naitiret, shi ya sa yake gwada ruwan da zai zuba kamar yadda yake gwada wanda zai zubar. Wajen zubawa sai ya ɗora faranti a kan tsakuwa ya tsiyaya a kansa, kada ruwan ya tayar da ƙura ya firgita kifi.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ta fi wuya, don a nan ba da ruwa ake fama ba, da mutanen gida ake yi. Masu kiwon kifi na kasuwa suna da ƙiyasin cewa kowane kilo na abinci yana haifar da kimanin giram 30 na amoniya. A mayar da shi ƙaramin akwati: giram ɗaya tak na abinci ya ba da miligiram 30, a lita 60 kuwa rabin miligiram ke nan a kowace lita, daidai iyakar da ake gudu. Ɗan abin da aka ɗebo da yatsu uku ya isa ya jawo canjin rabin ruwa. Saboda haka gwani yakan ba da kaɗan, abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu, sau ɗaya a rana ko ma bayan kwana biyu, ran da gwaji ya yi kore sosai kuma ya hana gaba ɗaya. Lafiyayyen babban kifi yana kwanaki bai ci ba, ba abin da zai same shi. Amma kifi ya iya bara. Da ya ga inuwar mutum sai ya taso saman ruwa yana buɗe baki, ƙaramar gidan ta zo da gudu: “Baba, yunwa suke ji!” Baba ya ce sun ci, ta faki idonsa ta zazzaga musu. Wanda ya san aikinsa, gwangwanin abincin a saman kwaba yake ajiye shi, ya kuma naɗa yarinyar mai ba da abinci a hukumance, da awon da ya auna mata a murfin kwalba.

A cikin makon farko ruwa yakan yi fari-fari, ya dushe. Wasu ƙwayoyin ne dabam, masu saurin haihuwa, suka samu datti suka yi yawa, kuma sukan lafa da kansu cikin 'yan kwanaki. Sabon shiga a nan yake yin aika-aika: ya kwashe kifi, ya juye ruwa, ya wanke tsakuwa, ya murje soso a bakin famfo har ya yi fes, garin gyaran gira ya rasa ido. Duk abin da ya tara cikin kwana goma ya bi kwata, lissafi ya koma rana ta ɗaya. Gwani ƙara iska kawai yake yi, don farin nan yana shan oksijin. Sosonsa ba ya taɓa shi a makonnin nan sai in ya toshe, sannan ma a cikin ruwan da ya ciro daga akwati yake matsa shi sau biyu ko uku ya mayar, da launinsa na ƙasa-ƙasa, don wannan dauɗar ita ce dukiyar.

Tarko mafi muni yana zuwa ne bayan an fara murna. Wajen mako na biyu ko na uku gwajin amoniya ya koma ruwan ɗorawa, mai akwati ya ce an gama, ya je ya ƙaro kifi. Alhali rukuni na farko ne kawai ya kafu, kuma yanzu ne yake zubo naitirayit da ƙarfinsa, rukuni na biyu kuwa bai samu abinci ba sai yanzu, don haka yanzu ne zai fara nasa jinkirin. Wannan zango yakan fi na farko tsawo. Naitirayit yana shiga jini ya ɓata sinadarin da ke ɗaukar oksijin, jinin ya koma ruwan ƙasa, kifi ya riƙa haki a saman ruwa ko ya tsaya a bakin filta duk da kumfa na tashi ko'ina. Maganinsa yana kicin. Kulorayid da ke cikin gishiri yana bin ƙofa ɗaya da naitirayit wajen shiga jikin kifi, idan ya fi yawa sai ya tare hanyar. Masu kiwon kifi a tafkunan kudancin Amurka, musamman Misisipi, sun daɗe suna aiki da ma'aunin kashi 10 na kulorayid ga kashi 1 na naitirayit. A akwati mai lita 60 da naitirayit miligiram 1 a lita, wannan bai wuce giram ɗaya na gishiri ba, ƙasa da kwatan ƙaramin cokali. Gwani yakan narka shi a kofi kafin ya zuba, yana sane cewa gishiri ba ya bin tururi, sai abin da canjin ruwa ya fitar ake mayarwa. Gishirin ba ya rage naitirayit, lokaci kawai yake saya, bokiti na nan daram.

Wani lokaci kuma komai ya tsaya, lambobi su ƙi motsi har mako guda. Ruwa ba ya tsami banza: ƙwayoyin suna cinye sinadarin da ke tare tsami yayin da suke aiki, kimanin giram 7 ga kowane giram na naitirojin da ke cikin amoniya, kuma idan pH ya gangaro kusa da 6 sai su yi sanyi. Canjin ruwa yakan gyara wannan, ko ɗan dakakken kwanson kawa irin wanda ake sa wa kaji a abinci, a ƙulle a tsumma a sa cikin filta. Sai dai gwani ba ya ɗaga pH da gaggawa alhali akwai amoniya a ruwan, don ya san abin da zai mayar da ita. Yakan rage ta da canjin ruwa tukuna.

Akwai hanyar gajarta duk wannan, kuma duk macen da ta taɓa ɗiga tsohon nono a sabuwar madara don ta kwana ta yi kindirmo ta san ta. A samo guntun soso daga filtar akwatin da ya daɗe yana aiki, mai lafiyayyun kifaye, a kawo shi a jiƙe cikin leda, a cusa shi a sabuwar filta a ranar. Makonni shida suna iya komawa ɗaya ko biyu. Ƙwayoyin da ake sayarwa a kwalba kuwa, wasu na aiki, wasu sun mutu tun a sito saboda zafi, kuma gwajin safiya ne kaɗai zai faɗi wanne aka samu. Tsiro ma na taimakawa, musamman mai yawo a saman ruwa, wanda ke zuƙar amoniya kai tsaye. Kainuwar da muke gani a kududdufi tana cikin waɗanda masu akwatuna a Turai suka riƙa saye da kuɗinsu. Amma wadda aka tsinko daga kududdufi tana zuwa da ƙwan katantanwa da ƙwari, sai an wanke ta an ware ta a bokiti na makonni kafin ta kusanci kifi.

Mu a nan muna da ƙarin jarrabawa da littattafan waje ba su cika damuwa da ita ba, wato ɗauke wuta. Ƙwayoyin nan da iska suke aiki, suna shan fiye da giram 4 na oksijin ga kowane giram na naitirojin da suka sarrafa. Filtar da ke rufe ruf, idan ruwa ya daina ratsa ta, cikin 'yan awanni iskar cikinta ta ƙare. Shi ya sa wanda ya san garinsa ya fi son filtar soso da ke zaune cikin akwatin, da ƙaramin famfon iska mai batir ko mai aiki da fawa bank. In babu, ya ciro soson ya sa shi cikin ruwan akwati, ya riƙa ɗiban ruwa da kofi yana kwararawa daga sama lokaci-lokaci, ya kuma dakatar da abinci. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ruwan da ya kwana cikin rufaffiyar filta zubar da shi yake yi, ba ya bari a tura shi cikin akwati. Kada kuma a yi koyi da mai tarwada a kankare, wanda ke cika kifi maƙil ya wadatu da sauke ruwa kullum. Tarwada tana shaƙar iska daga sama, tana kuma jure amoniyar da za ta kashe ƙananan kifayen ado cikin dare ɗaya.

Ranar da aka gama ba ta da wata alama a ido. Gwajin amoniya ruwan ɗorawa, na naitirayit shuɗi, na naitiret ya fara ruwan goro, kuma haka suka tsaya kwana bakwai a jere ana ba da abinci daidai ba tare da an canza ruwa ba. Ko a nan gwani ba ya cika akwati. Yawan ƙwayoyin daidai yake da yawan abincin da suka saba samu, filtar da ta kafu a kan kifi shida ta kifi shida ce. Sai ya ƙaro biyu ko uku, ya koma gwajin safiya na mako biyu, sannan ya sake ƙarawa.